Fasahar Sao a gidajen tarihin Chadi

Fasahar Sao ita ce ayyukan yumɓu da tagulla da mutanen Sao suka bari a kudancin Tafkin Chadi, a gaɓar kogunan Shari da Logon, inda Chadi da Kamaru da Najeriya suka haɗa iyaka a yau. Sun zauna a garuruwa masu ganuwa har ƙarni na 16, lokacin da yaƙe-yaƙen Mai Idris Alooma na Borno suka karya ƙarfinsu. Ƙabilar Kotoko da ke zaune a yankin a yau na cewa su ne jikokinsu.

Abin da ya fi ɗaukar ido a cikin kayansu shi ne manyan tuluna, waɗanda ake naɗe mamaci a sa a ciki, a kifa wani tulun a kai. Akwai kuma ƙananan siffofin mutane da dabbobi na gasasshen yumɓu, masu tsayin da bai wuce tafin hannu ba, idanu a bultse, leɓɓa a turo, sai mundaye da abin wuya na tagulla. Ba ko ɗaya da ke ɗauke da sunan wanda ya yi shi.

Tun daga shekarun 1930 Bafaranshen nan Jean-Paul Lebeuf ya fara tona tuddan tsoffin garuruwan, daga baya tare da Annie Masson Detourbet. Kaya da dama suka tafi Paris, kuma suna can har yanzu.

A Njamena, Gidan Tarihi na Ƙasa, wanda aka kafa a 1962 tun garin na amsa sunan Fort-Lamy, shi ke baje kolin kayan Sao. Ya yi asarar kaya masu yawa a yaƙin basasar da ya ci garin daga 1979. Galibin baƙi sun fi sanin gidan da labarin Tumai, ƙoƙon kan wata halitta mai kama da ɗan Adam, mai kimanin shekara miliyan 7, da aka gano a hamadar Jurab a 2001, sai su wuce tulunan da sauri, alhali tulunan ne suka fi kusa da rayuwar mutanen yankin.

Wanda ke son fahimtar wannan fasaha, gara ya ƙarasa Gawi, wanda Faransawa ke rubutawa Gaoui, ƙauyen Kotoko mai nisan kilomita 10 daga Njamena. Tsohuwar fadar sarkin garin, ginin ƙasa ce, an mai da ita gidan tarihi. A wajen fadar kuwa mata na nan suna gina tukwane da randuna da hannu, suna yi wa bangon gidaje zane da jar ƙasa da fara da baƙa. Bahaushen Njamena ko Kuseri da ya san adon bangon gidajen Zariya ba zai ji baƙunta ba, sai dai a nan aikin na mata ne, ba na magina ba. Damina kan wanke zanen, a sake sabo idan ruwa ya ɗauke.