'Yan'uwa Kiristoci a Jidda: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Na daɗe ina aikin jinya a Jidda, kuma duk yarinya Kirista mai jin Hausa da ta sauka, daga Jos take ko Kafanchan ko Biliri, sai an ba ta lambata. Tambayoyin ba sa sakewa. Ga su nan, a karanta kafin a tashe ni ƙarfe biyun dare.

Mama, akwai coci a nan?

Babu, ko ɗaya. Kada ki sake tambayar direban tasi.

To yaushe ake sujada, tunda Lahadi ranar aiki ce?

Juma'a. Tun 2013 hutun mako Juma'a ne da Asabar. Wai ke a ganinki Lahadi kaɗai Allah yake ji?

Kullum dare sai na yi kuka, addu'a ma ta gagare ni. Bangaskiyata ce ta mutu?

A'a, 'yata. Kin bar uwa, kin bar yara, kin bar zumuntar mata da ganga da tulu, kin zo inda ba mai kiran sunanki daidai. Da ba ki yi kuka ba, da na fi damuwa. Buɗe Zabura 88, wadda ta fara da kuka ta ƙare cikin duhu, ba a kuwa cire ta daga Littafi Mai Tsarki ba. Annabi Iliya kuma, a 1 Sarakuna 19, ya kwanta gindin itace yana roƙon mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba, gurasa da ruwa ya ba shi, ya bar shi ya koma barci. Wata ta taɓa zuwa ɗakina tana rawar jiki, wai aljanu sun kama ta. Na tuƙa mata tuwo da miyar kuka, ta kwanta kan dadduma har washegari da azahar. Da ta farka muka rera waƙa guda ƙasa-ƙasa, sai ga addu'ar ta dawo bakinta.

Zan iya riƙe Littafi Mai Tsarki?

Naki na kanki, i. Kwali guda don rabawa, a'a. Na Hausa yana cikin manhajar YouVersion, ki sauke a waya.

An gayyace ni addu'a a gidan wasu. In je?

Nan ne bakina yake nauyi. Sujada a fili haram ce ga wanda ba Musulmi ba, yin bishara ga Musulmi kuma laifi ne babba. Ibada a cikin gida kuwa hukuma ta sha cewa ba ta hana ba, amma faɗa daban, rubutacciyar doka daban, kuma a baya an sha kutsawa gidaje a kama mutane a mayar da su ƙasarsu. Gaskiya ne tun 2016 aka karɓe wa 'yan Hai'a, wato 'yan sandan addini, ikon kama mutum, an kuma sami sauƙi sosai. Sauƙi dai ba lasisi ba ne.

Saboda haka ya danganta. Wa ya gayyace ki, kin san shi tun gida ko a WhatsApp kuka haɗu? Mutum nawa? Biyar a falo da murya ƙasa daban ne da arba'in da lasifika, takalma jibge bakin ƙofa kowa na gani. Maza da mata ne a cakuɗe? Igamarki, wato takardar izinin zamanki a ƙasar, tana da rai? In ta mutu, ko a cikin taron akwai marasa takarda, ba ma sai an kai ga batun addini ba, tarhil za a wuce da ku, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. In shagala ce ke, wato 'yar aiki a gidan mutane, fita ba da sanin masu gida ba wata matsalar ce daban.

Ba zan ce kada ki je ba, domin na ga yadda kaɗaici yake cinye mutum, kuma Matiyu 18:20 biyu ko uku ya ambata. Ni ina zuwa, wurin waɗanda na sani shekara da shekaru. In kin je, banda hoto, banda Facebook, banda gayyatar abokiyar aikinki Musulma, kome kirkinta. In kuwa zuciyarki ba ta kwanta ba, zauna ɗakinki ki kira 'yar'uwa ɗaya ku karanta tare. Ba ki yi musun Almasihu ba.

Wani fasto ya ce in aika riyal a matsayin iri, wato baikon da ake shukawa don a girbi albarka, baƙin cikina zai tafi.

Haba! Ki aika wa uwarki.

Shan maganin damuwa rashin bangaskiya ne?

Da zazzaɓi ya kama ki, kin yi wannan tambayar? In mako biyu sun wuce ba barci ba cin abinci, ko tunanin kashe kai ya zo miki, ki ga likita yau, ki kuma gaya wa wani. Addu'ar ma kada ki bari.

Madam ta riƙe albashina wata uku. Gafara tana nufin in yi shiru?

Wa ya koya miki haka? Ki yafe mata don kada ɗacin ya zauna miki a ƙirji, wannan tsakaninki da Allah ne, kuma yakan ɗauki lokaci. Kuɗin kuwa guminki ne. Ajiye takardar kwantiraginki, rubuta watannin, kai ƙara ofishin ƙwadago, ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke nan Jidda. Kada dai ki gudu daga gidan, don da zarar kafili, wato wanda ya tsaya miki a ƙasar, ya rubuta ki hurub, ma'ana kin tsere daga aiki, ke ce kika koma mai laifi.