Sabunta fentin jirgin gilaida na faiba

Gilaida jirgin sama ne marar inji. Na farko da aka ƙera da zaren gilashi shi ne Phönix, wanda ya tashi a Jamus a 1957. A yau galibinsu da zaren gilashi ko na kabon ake yin su, a haɗe da ƙaron ifoksi, a lulluɓe da farin ɓawo mai suna jelkot. Rana da sauyin zafi da sanyi kan sa ɓawon ya tsattsage kamar laka a busasshen tafki. In aka yi sake, tsagar sai ta kai ga zaren da ke ƙasa.

Gyaran jikin jirgin kafin a yi sabon fenti shi ne mafi yawan aikin. Ba a amfani da sinadarin ɓare fenti, domin yana cin ƙaron. Da samfefa ake kankare tsohon ɓawon, a fara da mai kaushi, a dakata da zarar saƙar zaren ta fara bayyana, domin yanke ta yana raunana fiffike. Daga nan a cike ramuka, a goge da samfefa a kan dogon katako har surar fiffiken ta koma daidai, saboda ɗan tudun da ido ba ya gani yana dagula tafiyar iska. Man goge mota mai silikon kuwa, ko kaɗan ya taɓa jiki, fenti ba zai kama ba.

Zaɓi biyu ne: sabon jelkot, mai kauri da sauƙin faci, ko fentin foliyuritan, wanda ya fi jure rana, kuma shi ya fi dacewa da ƙasa mai zafi. Hayaƙinsa na cutar da huhu, dole mai feshi ya sa abin rufe fuska mai kawo iska daga waje.

Launi fari ne, kuma ba don ado ba. Ana gwada ƙarfin jikin jirgin a zafin digiri 54, ƙaron kuma yana laushi in ya ɗau zafi da yawa. A Sakkwato, inda zafin bazara ke haura digiri 40 a inuwa, fenti mai duhu haɗari ne. Hazon hunturu ma matsala ne: ƙura na manne wa ɗanyen fenti, sai an yi feshi a rufaffen ɗaki, an yayyafa wa ƙasa ruwa.

Bayan an gama, ana sake auna nauyin jirgin da daidaiton sassan tuƙinsa, wato ɓangarorin fiffike da wutsiya masu motsi, bisa littafin kamfanin da ya ƙera shi, domin fentin da ya yi yawa a kansu kan sa su karkarwa a sama har su karye.