Takarda da Yadda Ake Sarrafa Ta

Takarda shimfiɗa ce ta siraran zarurrukan tsiro waɗanda aka jiƙa, aka daka, aka baza a kan rariya, ruwa ya tsiyaye, suka bushe manne da juna. Sinadarin da ke cikin zarurrukan, wanda masana ke kira selulos, shi ke sa su kama juna da kansu idan ruwa ya fita, ba tare da an zuba wani danƙo ba. Shi ya sa takarda ke saki idan ta jiƙe. Masana harshe na ganin kalmar ta shigo Hausa daga bakin Buzaye, kuma tushenta ɗaya da "ƙirɗasi" na Larabci.

Asali a ƙasar Sin

Tarihin Sin ya danganta ƙirƙirar takarda ga Cai Lun, wani bafade a daular Han, wanda ya kai wa sarki samfurinsa a shekara ta 105 Miladiyya. Ɓawon itace ya haɗa da tsummoki da tsofaffin komayen masunta da ragowar zaren wani tsiro mai kama da rama. Sai dai an tono guntayen takarda a arewa maso yammacin Sin da ake jin sun girmi zamaninsa da shekara 200 ko fiye, don haka galibi a yau ana ɗaukarsa wanda ya kyautata sana'ar, ya kuma sa fada ta karɓe ta. Kafin nan a kan tsagin gora da siliki ake rubutu. Gora na da nauyi, siliki kuwa na da tsada. Daga Sin sana'ar ta shiga Koriya, ta ƙetara Japan wajen ƙarni na 7.

A hannun Musulmi

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne cewa fursunonin Sin da aka kama a yaƙin Talas na shekarar 751, tsakanin Musulmi da Sin, su ne suka koya wa mutanen birnin Samarƙandu na tsakiyar Asiya sana'ar. Wasu masana sun ce takarda ta riga yaƙin isa yankin. Ko ma yaya ne, kafin ƙarni na 8 ya ƙare ana yin ta a Bagadaza, wajen 794 bisa yawancin ruwayoyi, a zamanin Halifa Haruna Rashid.

Hukuma ta so takarda saboda wani dalili na amana: tawada na nutsewa cikinta, ba a iya kankare rubutu a sauya shi ba tare da alama ta nuna ba, saɓanin fata. Nan da nan sana'ar warraƙai ta bunƙasa, wato masu sayar da takarda da kwafar littattafai, har suka sami kasuwarsu ta kansu a Bagadaza. Tsumman kittani da tsofaffin igiyoyi su ne kayan aikin. Bayan takarda ta bushe sai a shafa mata sitacin alkama ko na shinkafa, a goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi, alƙalami ya riƙa tafiya ba tare da tawada ta malale ba. Da wuya a ƙirga irin ilimin da ya tsira saboda wannan takarda.

Ta bi ta Dimashƙa da Masar da Fas har Andalus. Masanin labarin ƙasa Al-Idrisi, a tsakiyar ƙarni na 12, ya yabi takardar garin Shaɗiba na Andalus, ya ce ana kai ta gabas da yamma. Kalmar da Turawa ke kiran ƙunshin takarda 500 da ita, wadda muka ara muke cewa "rim", daga "rizma" ta Larabci ta fito.

Italiya da tambarin wata uku

Mutanen Fabriano a Italiya sun shahara da abubuwa uku a ƙarni na 13. Sun ɗaura taɓare a jikin injin da ruwan kogi ke juyawa don dakan tsumma. Sun maye gurbin sitaci da danƙon da ake dafawa daga fata da ƙashi. Sannan sun fara ɗinka siririyar waya mai siffa a kan rariya, ta yadda takarda ke yin sirara a gurbin, siffar ta bayyana idan an ɗaga ta a haske. Tambari mafi tsufa irin wannan ana ƙiyasta an yi shi wajen 1282.

Wannan tambari ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye. Masana'antun arewacin Italiya, ciki har da na iyalin Galvani a yankin Pordenone, sun yi ta yin takarda mai tambarin jinjirin wata uku domin kasuwannin Musulmi. Fatake na ɗauko ta daga Tarabulus da Alƙahira, su ratso Sahara da ita. Bajamushen matafiyi Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa ta cikin hajojin da ya gani a kasuwa. Littattafai da yawa na zamanin daular Sakkwato da na Barno a kanta aka rubuta su, da tawadar gargajiya mai ƙaro, a bar warƙoƙin ba ɗinki, a adana su cikin gafaka. Mai irin wannan gado a gida, ya ɗaga warƙa ɗaya a hasken rana a hankali, sau da yawa zai ga watannin uku a jere, babba da matsakaici da ƙarami. Masu bincike na amfani da su wajen ƙiyasta shekarun rubutun da ba shi da kwanan wata.

Inji da itace

Bayan Gutenberg ya kawo ɗab'i wajen 1450, tsumma ya yi ƙaranci a Turai. Louis-Nicolas Robert ya sami rajistar injin yin takarda mai tsawo ba yankewa a Faransa a 1799, 'yan'uwa biyu masu suna Fourdrinier suka zuba kuɗi aka inganta shi a Ingila, sunansu ya bi injin. Friedrich Keller ya niƙa itace ya yi ƙullun takarda a Jamus wajen 1844, sannan Carl Dahl ya fito da hanyar kiraf ta dafa itace da sinadarai wajen 1879.

Sauƙin ya zo da hasara. Itace na ɗauke da liginin, wanda ke sa jarida ta yi ja idan ta sha rana, kuma haɗin alam da aka riƙa zubawa tun farkon ƙarni na 19 yana barin tsami mai cin zare. Sakamakon haka littafin da aka buga a 1900 kan karye a hannu, alhali na takardar tsumma da ya girme shi da ƙarni uku yana nan da ƙwarinsa.

A injin zamani ƙullun da ke zuba kan rariya fiye da kashi 99 cikin 100 ruwa ne. Ana tace shi, a matse, a busar a kan ganguna masu zafi, a naɗe.

Shafe da ingancin ɗab'i

Fuskar takarda tsura cike take da ramuka da tuddai waɗanda ido ba ya gani. Hoto kuwa a maɗaba'a ɗigo-ɗigo ake buga shi da launi huɗu: shuɗi-shuɗi, ja-ja, rawaya da baƙi. Idan ɗigon ya faɗa kan takarda mai shan ruwa sai ya bazu ya fi girman da aka nufa, hoto ya yi duhu, launi ya dushe. Maganin shi ne a cike ramukan da kunun farar ƙasa ta kawolin ko garin alli, a haɗa da sitaci ko danƙon roba don ya kama, wata doguwar wuƙa ta share rarar, sannan a bi da takardar tsakanin manyan naɗi masu santsi. Tawada sai ta tsaya a sama, ɗigo ya fito tsaf. Takardar kalanda da ta mujalla ke nan. Sheƙi mai yawa yana gajiyar da ido, shi ya sa littafin karatu ya fi dacewa da marar sheƙi.

Ana auna nauyi da giram a kowace murabba'in mita. Takardar ofis mai giram 80 ita ce gama-gari. Warƙa ɗaya ta A4, mai milimita 210 da 297, nauyinta giram 5 ne. Ta jarida kan tsaya wajen giram 45.

A Nijeriya

An kafa manyan masana'antu uku: Jebba a Jihar Kwara, Oku Iboku a Akwa Ibom, da Iwopin a Ogun. Dukansu sun sha tsayawa, kuma yawancin farar takardar da ake bugu da rubutu a kanta daga waje ake shigo da ita.