Hanyar Gicciye

Hanyar Gicciye ibada ce ta Kiristocin Katolika, wadda a cikinta masu bi suke raka Yesu Almasihu da addu'a tun daga inda Bilatus, gwamnan Romawa, ya yanke masa hukunci har zuwa kabari. Zango goma sha huɗu gare ta. Wanda ya shiga cocin Katolika zai ga hotunanta a jere a jikin bango, kowanne da ɗan ƙaramin gicciyen katako a samansa. A bisa ƙa'idar coci wannan gicciyen shi ne zangon, hoton kuwa taimakon ido ne.

Tushenta Urushalima ne, inda masu ziyara suka daɗe suna bin hanyar da aka yi imani Yesu ya bi zuwa Golgota, wurin da aka gicciye shi. A 1342 aka damƙa wa 'yan ɗarikar Faransiskan kula da wurare masu tsarki na can, su ne kuma suka yaɗa ibadar a Turai domin waɗanda ba su da halin tafiya. Yawan zangon ya daɗe yana bambanta daga gari zuwa gari, sai a 1731 Paparoma Clement na 12 ya tsayar da shi a 14.

A kowane zango sai Fada, wato limamin coci, ya ambaci abin da ya faru, jama'a su durƙusa su amsa cewa da gicciyensa mai tsarki Yesu ya fanshi duniya, a yi karatu, sannan a matsa gaba da waƙa. Ba duka zangunan ne ke cikin Linjila ba. Faɗuwar Yesu sau uku da matar nan Veronika da ta share masa fuska da mayafi, daga al'adar coci suka fito, amma su ne suka fi taɓa zuciyar talaka, domin ya san nauyin kaya. A 1991 Paparoma John Paul na 2 ya gabatar da wani tsari da ya dogara ga Littafi Mai Tsarki kaɗai.

An fi yin ta ranakun Juma'a na azumin kwana arba'in da ake yi kafin Ista. Ranar Juma'a Mai Kyau, wato ranar tunawa da gicciye Yesu, ana yin ta da dare a Kolosiyam, tsohon filin wasa na Roma, a garuruwa kamar Jos da Kaduna kuwa matasa kan nuna ta a fili, ɗaya daga cikinsu ɗauke da gicciye a kafaɗa.

Zango na 14 yana ƙarewa da rufe kabari. Wasu majami'u sun ƙara na 15 domin tashin Yesu daga matattu, wasu kuma suna barin mutane su watse shiru, su jira daren Ista da ake kunna babbar kyandir a cikin duhu.