Saitin bindiga: abin da ake faɗa da abin da maharba ke nufi

Tun ranar 13 ga Yulin 2024 da harsashi ya shafci kunnen Donald Trump a wajen gangamin siyasa a garin Butler na jihar Fensilbaniya, kowa ya zama masanin bindiga. Masu sharhi a rediyo, masu bidiyo a TikTok, har da 'yan majalisar mai shayi, bakinsu ya zo ɗaya: wai bindigar "mai saiti" ce, irin wadda ba ta kuskure. Ba wanda ya tsaya ya tambayi kansa, to in ba ta kuskure, ya aka yi mutumin yana nan da ransa? Daga nan dai kalmar ta samu wurin zama. Yanzu da an ga bindiga da madubin hangen nesa ɗaure a gadon bayanta sai a ce ai mai saiti ce, sai ka ce saitin wani ƙarfe ne da ake sayowa a kanti a ɗaura.

Abu biyu ake cakuɗawa. In aka ce maharbi ya saita barewa, ana nufin ya auna ta, wannan kowa ya sani. Amma akwai saita bindigar ita kanta, aikin da ake yi tun babu ko barewa a kusa, a gaban farin kwali. Duba agogo daban, saita agogo daban. Wanda agogonsa ke baya da rabin sa'a ko ya ƙura masa ido yini guda zai makara. Wannan saitin na biyu shi ne maharban Amurka da Turai ke dangantawa da sifili, wato a gyara madubin har tazarar da ke tsakanin inda ido ya auna da inda harsashi ya faɗa ta zama babu.

Sai dai a wane nisa? Nan ne masu sharhinmu ke yin tuntuɓe, don suna ganin harsashi a miƙe yake tafiya kamar haske. Ba haka ba ne. Da ya bar bakin bindiga ƙasa ta fara jansa. Ɗauki harsashin .308 Winchester, wanda ya shiga kasuwa a 1952 kuma har yau yana cikin waɗanda masu farautar barewa suka fi so. Yana fita da gudun wajen mita 860 a daƙiƙa guda, amma duk da wannan gudu, kafin ya ci mita 100 ya sauka da kusan santimita 7, kafin mita 300 kuwa saukar ta haura santimita 70. Ga shi kuma madubin yana zaune ne wajen santimita 4 a saman bututun. Saboda haka abin da saiti ke yi shi ne ya sa bakin bututun ya ɗan ɗaga sama kaɗan, ta yadda harsashin zai hau, ya ratsa layin da ido ke kallo, ya yi tozo, sannan ya sauko ya sake ratsa shi. Wanda ya saita irin wannan bindiga a yadi 200 zai ga harsashinsa ya faɗa wajen inci 2 sama da inda ya auna a yadi 100, ya faɗa daidai a 200, ya faɗa inci 8 zuwa 9 ƙasa a yadi 300. Bindiga ɗaya, madubi ɗaya, hannu ɗaya. Ke nan duk wanda ya ce maka bindiga tana da saiti bai faɗi nisan ba, bai gama magana ba.

Yadda ake yin aikin ba shi da wani sirri. Ana ɗora bindigar kan buhunan yashi a bisa tebur mai nauyi, a zare makullin baya, a leƙa ta cikin bututun har a hango kwalin da aka kafa a yadi 25, sannan a murɗa madubin ya kalli wuri guda. Wannan don kawai harbin farko ya taɓa kwalin ne. Daga nan a mayar da kwalin yadi 100, a yi harbi da yawa, a nemo tsakiyar inda ramukan suka taru. A jikin madubin akwai 'yan murfi biyu masu yin ƙas-ƙas in an murɗa, ɗaya na sama da ƙasa, ɗaya na hagu da dama. A yawancin madubin Amurka kowane ƙas ɗaya yana matsar da harsashi rubu'in inci a yadi 100. In ramukan sun taru inci 3 ƙasa da inci 2 hagu, sai a murɗa 12 sama, 8 dama. A jihohin Amurka irin su Mishigan, inda farautar barewa da bindiga ke buɗewa ranar 15 ga Nuwamba, da Wiskonsin, ƙungiyoyin maharba kan buɗe filayensu a makonnin da ke gabanin buɗewar don jama'a su zo su yi wannan aiki.

Ma'aunin da suke magana da shi shi ne MOA, kashi ɗaya cikin 60 na digiri guda. A yadi 100 ya ɗan ɗara inci ɗaya, a mita 100 kusan santimita 3 ne. Bindigar da ke tara harsasanta cikin wannan ɗan fili ita ce ake yi wa kirari. Masu ƙera bindigogin Tikka na ƙasar Finlan da Weatherby na Amurka har alkawari suke yi wa mai saye cewa sabuwar bindigarsu za ta yi hakan. Amma karanta ƙananan rubutun: da harbi uku ne.

Harbi ukun nan shi ne ke ba ni haushi, kuma ya fi yin ɓarna a wajen masu ɗura harsashi da hannunsu. A Amurka wannan halal ne a doka, kuma sha'awa ce da ta tara dubban mutane. Mutum zai tsince kwanson tagullar da ya harba, ya wanke, ya matse shi a ɗan inji ya koma girmansa, ya sa sabon maɓallin tayar da wuta a gindinsa, ya auna albarushi a sikeli, ya dasa sabon kan harsashi. Awonsu ma na daban ne, sunansa giren, asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir guda; giren 7,000 ne ke yin laba ɗaya, giram guda kuma ya ɗan haura giren 15. Sukan auna albarushin har zuwa kashi ɗaya cikin goma na giren. Ba wasan yara ba ne, don matsin da ke tashi a cikin bututun .308 yana haura tan 4 a kan wurin da bai fi farcen yatsa ba. Shi ya sa kamfanonin albarushi da na harsashi irin su Hodgdon da Sierra da Nosler ke buga iyakar da ba a tsallakewa, SAAMI, ƙungiyar masu ƙera bindiga da harsashi da aka kafa a 1926, kuma ita ke tsayar da ma'aunin matsin harsasai a Amurka. Wanda ya ce zai yi da ka, fuskarsa ce a kusa da ƙarfen.

To ga yadda gwajin ke tafiya. Mai ɗurin zai haɗa harsasai kala takwas ko goma, kowane kala ya ɗara na bayansa albarushi da ɗan ƙanƙanin abu, kowanne guda uku-uku. Ya tafi fili da sassafe kafin iska ta taso, ya manna kwalaye, ya harba. Sai ya taka zuwa wajen kwalayen da ma'auni a hannu. Na farko inci ɗaya da rabi, na biyu inci ɗaya da ɗan abu, na biyar kuwa ramukan uku sun haɗe baki kamar ganyen da ya yi kunne uku. Shi ke nan, sai ya yanke wannan ɓangaren kwalin ya rubuta kwanan wata ya cusa a aljihu, ya ce ya gano abin da bindigarsa ke so. Har bayani gare su: wai bututun yana kaɗawa yayin harbi, shi kuma ya dace da awon da harsashi ke fita daidai lokacin da kaɗawar ta lafa. Bututu kam yana kaɗawa, wannan gaskiya ne. Amma ramuka uku ba su isa shaida a kan komai ba.

Lissafi ne kawai. Ko da a ce kala goman nan duk awonsu ɗaya ne, babu bambancin ko ƙwayar albarushi, dole ne a cikin rukunin ramuka goma, kowanne na harbi uku, wani ya fito ƙarami wani ya fito babba, kuma ƙaramin kan iya zama rabin babban ko ƙasa da haka. Sa'a ce ke rabawa. Kuma faɗin rukuni ba ya taɓa raguwa in an ƙara harbi, sai dai ya tsaya ko ya ƙaru. Masu ƙididdiga sun daɗe da sanin cewa bindigar da ke ba da inci ɗaya a harbi uku, in aka yi mata goma za ta ba da wajen inci ɗaya da rabi ko fiye, in aka kai ashirin ta doshi biyu. Injiniyoyin kamfanin Hornady, waɗanda sayar da kayan ɗurin shi ne abincinsu, sun fito a 2022 suka ce da suka riƙa harba ashirin, talatin, har hamsin a rukuni guda, yawancin bambancin da ake gani tsakanin wannan awo da wancan ya ɓace. Maganar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba. Wa zai so a ce masa shekarun da ya yi yana lissafin giren a ɗakin ajiyar mota, rabinsu camfi ne?

Akwai kuma wata dabara da ta fi wannan muni. In ɗaya daga cikin harsasan ya bauɗe ya faɗa can gefe, sai mai harbin ya ce ai wannan laifin hannunsa ne, ko iska ce ta kaɗa, ya zagaye ramin da biro ya cire shi daga lissafi. Wanda ya faɗa tsakiya kuwa ba a taɓa cewa iska ce ta kai shi. Illar ba ta tsaya ga cika baki ba, tana komawa kan saitin kansa: tsakiyar ramuka uku ba ita ce tsakiyar gaskiya ba, don haka mai murɗa madubi bayan kowane harbi uku yana bin inuwa ne, yau hagu gobe dama, harsasai na ƙarewa.

Ni a ganina duk wannan neman rabin inci ya wuce buƙatar mafarauci. Wurin da ake nema a jikin barewa, zuciya da huhu, ya kai wajen santimita 20. Bindigar da ke tara harsashi goma cikin inci biyu a yadi 100 ta wadatar a nisan da yawancin mutane ke farauta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne harbin farko daga bututu mai sanyi, mutum yana durƙushe, numfashinsa na sama-sama bayan hawan tudu, babu tebur babu buhun yashi. Dabba ba ta jiran na biyu. Amma da yake wannan ba ya yin kyau a hoto, ba a cika gwada shi ba.

Saitin kuma ba ya zama daram har abada, kuma ba na bindiga ne ita kaɗai ba. Ya haɗa bindigar da madubin da irin harsashin da aka saita da shi. Da jihar Kalifoniya ta haramta farauta da harsashin dalma gaba ɗaya daga 1 ga Yulin 2019, maharbanta sun koma na jan ƙarfe, kuma dole suka koma gaban kwali, don nauyi ɗaya ba ya nufin faɗuwa wuri ɗaya. Ƙusar madubi ta saki, bindiga ta faɗi daga mota, itacen jikinta ya sha danshi ya kumbura, duk suna iya kawar da saiti. Zafi ma haka. Tun zamanin da Turawan Ingila ke shigowa Afirka da Indiya da manyan bindigoginsu, masu ƙera harsashi a Ingila sun san albarushinsu na ƙara ƙarfi a rana, har suka riƙa yin ɗuri mai sauƙi musamman don ƙasashen zafi. Har gobe a dazuzzukan farauta na arewacin Kamaru, kewayen Benuwe da Faro da Buba Njida, inda baƙi ke sauka a Garwa da rani, abu na farko da jagoran farauta ke sa baƙo ya yi shi ne ya harbi kwali. Bindigar da aka saita a cikin sanyin Turai, ta sha jifa a cikin kayan jirgi, ba a yarda da ita sai an gani.

Maharbinmu na gargajiya mai adaka shi ma ɗura wa kansa yake yi, ya zuba albarushi ta baki, ya danna tsumma, ya bi da dalma. Amma cikin bututun adaka sumul yake, babu zanen murɗiyar da ke sa harsashi ya juya ya tsaya kan hanya, babu kuma abin murɗawa a kanta. Gwanintarsa a sanɗa take da sanin iska, ya matso dab da gada kafin ya ja kunama, don haka kiran bindigarsa mai saiti ko marar saiti duk bai taso ba. Ɗaya ɗurin kuwa, na kwanso da sikeli, ba abin da mutum zai tashi ya fara a Najeriya ba ne: Dokar Makamai ta 1959 ta sa bindigar farauta ta zamani sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, ita kanta adakar ma an tanadi neman izini a kanta, haɗa harsashi ba da lasisi ba kuwa laifi ne da ke kai mutum gidan yari.