Waiwaye: Yadda Sarki Tupou na Ɗaya ya hana Turawa cinye Tonga

Har gobe a Tonga, ƙasar tsibirai da ke tekun Pasifik, ba a sayar da fili, komai kuɗinka sai dai ka karɓi haya. Asalin wannan doka mutum ɗaya ne, Taufa'ahau, wanda aka fi sani da Sarki George Tupou na Ɗaya.

An haife shi wajajen 1797, yana ƙaramin yaro yaƙin basasa ya ɓarke a tsibiran, sarakuna kowa ya gina ganuwarsa yana kai wa maƙwabci hari. Ya samu sarautar tsibiran Ha'apai a 1820, a 1826 ya ci Laufilitonga da yaƙi a ganuwar Velata, shi kuwa Laufilitonga ba ƙaramin mutum ba ne, ɗan gidan Tu'i Tonga ne, tsohuwar sarautar da mutanen wajen suke ɗauka mai tsarki. A 1831 'yan mishan na Methodist suka yi masa baftisma ya ɗau sunan George, tsibiran Vava'u suka shigo hannunsa a 1833, sai 1845 ya zama Tu'i Kanokupolu, sarautar da ke riƙe da ragamar mulki a Tonga. Kada ma a wanke shi tas, da takobi ya haɗa ƙasar, waɗanda suka ƙi bin sa sun sha wuya har garin Pea ya miƙa wuya a 1852.

Amma inda wayonsa yake shi ne maganar ƙasa. Ana ba da labarin cewa da ya je birnin Sydney na Ostareliya a 1853 ya ga mutane suna bara a titi, abin ya ɗaure masa kai, ya tambaya aka ce ai ba su da gona ne, to daga nan fa ya ƙudurta ba mai raba mutanensa da ƙasarsu. Ranar 4 ga Yuni 1862 ya 'yanta talakawa daga bautar da suke yi wa masu sarauta, ranar 4 ga Nuwamba 1875 kuma ya fito da kundin tsarin mulki wanda ya haramta sayar da fili kwata-kwata. Ya gane Bature takarda yake girmamawa, sai ya tare shi da takarda: yarjejeniya da Jamus a 1876, Ingila a 1879, Amurka a 1886, kowacce ta amince Tonga ƙasa ce mai sarkinta.

Duba maƙwabta ka gani. Fiji ta faɗa hannun Ingila a 1874, Faransa ta haɗiye Tahiti a 1880, Amurka ta ɗauke Hawaii a 1898.

Akwai wani ɗan mishan Shirley Baker da ya taya shi rubuta dokokin har ya zama firaminista, shi ne dai ya jawo rigimar coci a 1885, aka tsananta wa waɗanda suka ƙi shiga sabuwar cocin sarki, ƙarshe Ingila ta tisa ƙeyarsa waje a 1890. Wannan tabo ne a mulkin, ba yadda za a yi a goge shi.

Tupou ya rasu a Fabrairun 1893 yana da shekara casa'in da ɗoriya, 'ya'yansa maza duk sun riga shi, tattaɓa-kunnensa ne ya gaje shi. Ingila ta samu ta sa Tonga ƙarƙashin kariyarta a 1900 har zuwa 1970, amma ba ta taɓa sauke sarautar ba, Tupou na Shida da ke kan gado tun 2012 ɗan gidan ne.