Mashayin jini a sansanin fursunonin yaƙi: tambayoyi da amsoshi kan labaran zane masu ban tsoro

Wane irin labari ne wannan?

Labari ne da ake bayarwa da zane-zane a jere cikin ƙananan akwatuna, da maganar mutanen ciki rubuce a kusa da bakinsu, irin wanda ya bunƙasa a Amurka da Ingila da Japan. Marubucin yakan ɗauko mashayin jini na tatsuniyoyin Gabashin Turai, wato gawar da ke fitowa daga kabari da dare ta tsotsi jinin masu rai, wadda ba ta mutuwa sai an soke zuciyarta da tsinin itace ko an sare kanta ko an ƙone ta, ya saka shi a sansanin da aka tsare mutane lokacin yaƙi. Yaƙin Duniya na Biyu ne aka fi zaɓa.

Yaushe mashaya jini suka shiga labaran yaƙi?

Sun jima a waje kafin a buɗe musu ƙofa. A 1954, bayan wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna kan zargin cewa littattafan zane suna lalata tarbiyyar yara, masu buga su sun kafa wa kansu hukumar tacewa mai suna Comics Code Authority, wadda ta haramta mashaya jini da gawa mai tafiya baki ɗaya. Sai a 1971 aka sassauta dokar, kuma a shekarar ce kamfanin DC ya fara mujallar Weird War Tales, wadda ta gauraya yaƙi da abubuwan ban tsoro har zuwa 1983. Kamfanin Marvel ya fito da Baron Blood a 1976, Baturen Ingila mashayin jini da ke yi wa Jamus aiki. A Ingila kuwa, mujallar 2000 AD ta buga Fiends of the Eastern Front a 1980, rubutun Gerry Finley-Day da zanen Carlos Ezquerra, inda wata rundunar mashaya jini 'yan Romaniya ke yaƙi tare da Jamusawa, sannan ta juya kansu lokacin da Romaniya ta sauya ɓangare, kamar yadda ta yi a zahiri a watan Agustan 1944. Waɗannan duka labaran fagen daga ne, amma su ne suka share hanyar kai dodon cikin sansani.

Me ya sa sansani ya dace da mashayin jini fiye da fagen fama?

Domin babban ƙalubalen mashayin jini a kowane labari shi ne gawa. Idan ya kashe mutum a cikin gari, dangi za su yi kuka, likita zai duba, hukuma za ta yi bincike. A sansani kuwa an riga an saba da kwashe gawa kowace safiya, kuma abin da ya dami masu gadi kawai shi ne lissafi ya cika a lokacin ƙirga, da mai rai da matacce. Alamomin wanda aka sha jininsa, wato rama da ɗashewar fata da kasala, su ne dai alamomin yunwa da zazzaɓin taifus, saboda haka babu mai tsayawa ya duba wuyan mamaci.

Tarihi ma ya ba marubuta wannan dama. Daga cikin sojojin Tarayyar Sobiyet kimanin miliyan 5.7 da Jamus ta kama, kusan miliyan 3.3 sun mutu a tsare, akasari saboda yunwa da sanyi da cuta, alhali mace-macen fursunonin Ingila da Amurka a hannun Jamusawa bai kai 5 cikin 100 ba. Wannan bambanci yana da tasiri a kan labarin: sansanin da Yarjejeniyar Geneva ta 1929 kan haƙƙin fursunonin yaƙi ke aiki a cikinsa, inda ake rubuta sunaye kuma Red Cross ke kai ziyara, ba ya ɓoye dodo yadda sansanin da aka yi watsi da doka ke ɓoye shi. Ga kuma rashin makami. Fursuna ba shi da azurfa ko tafarnuwa, waɗanda a irin waɗannan labaran ake korar mashayin jini da su, ba shi da ikon guduwa idan rana ta faɗi, domin a lokacin ne ake kulle shi a ɗaki ɗaya da abin da ke farautarsa.

Akwai fitaccen misali?

Wanda ya fi fitowa fili shi ne The Strain na Guillermo del Toro da Chuck Hogan, wanda ya fara a matsayin littafin ƙagaggen labari a 2009, sannan kamfanin Dark Horse ya mayar da shi zane daga 2011, David Lapham na rubutawa, Mike Huddleston na zanawa. Jarumin, Abraham Setrakian, Bayahude ne da aka tsare a Treblinka, sansanin da gwamnatin Nazi ta Jamus ta kafa a Poland, inda ya ga wata halitta tana shigowa ɗakin kwanansu da dare tana zaɓen marasa lafiya da raunana. Ya yi yunƙurin kashe ta, ta murƙushe masa hannuwa ta bar shi da rai. Ya kamata a lura cewa Treblinka sansanin kisan ƙare dangi ne, ba na sojojin da aka kama ba, kuma wannan ya sa nauyin da ke kan marubutan ya ninka. A ganina dabarar da ta ceci labarin ita ce, a ƙarshensa mashaya jinin sun kafa nasu sansanoni suna kiwon mutane don tatsar jini, kuma tsohon jami'in Nazi, Thomas Eichhorst, yana cikin manyan hadiman shugabansu. Ke nan dodon ne ya ɗauki darasi daga wurin mutane.

Me zane ke iya yi a nan wanda rubutu zalla ba ya iyawa?

Shafin zane a rarrabe yake da layuka, don haka mai zane yana iya matse akwatunan har mai karatu ya ji ƙuncin ɗakin, ko ya bar wayar shinge ta ratsa kowane hoto. Yana iya cika shafi da baƙin tawada ya bar fitilar hasumiyar gadi kaɗai tana haskawa, kuma yana iya ɓoye cizon a tsakanin hoto da hoto, ya nuna mutum kwance a na farko, ya nuna gadonsa babu kowa a na biyu.

Shin wannan ba wasa ba ne da azabar mutanen da suka mutu da gaske?

Tambayar tana da ƙarfi, kuma wasu labaran sun cancanci zargin. Matsalar ita ce, da zarar an ce aljani ne ya aikata ta'asar, an sauke laifi daga kan magatakarda da direban jirgin ƙasan da ke kai mutane sansani da mai gadi, waɗanda mutane ne masu albashi da iyali. Labarin da ya mayar da kwamandan sansani mashayin jini tun daga farko ya faɗa wannan rami, domin yana nuna cewa sai wanda ba mutum ba ne zai iya irin wannan aiki, alhali a Treblinka jami'an Jamus 'yan ƙalilan da masu gadin da suka horar ne suka kashe mutane fiye da 800,000 cikin kusan shekara guda.

Labarin da ya san abin da yake yi yakan bar dodon a matsayin mai cin saura, kamar kura a bayan mahauta, wanda ya zo ne don an riga an tanadar masa abinci. Duk da haka, mai son sanin yadda rayuwar sansani ta kasance ta hanyar zane zai fi samun biyan buƙata a Maus na Art Spiegelman, labarin mahaifinsa da ya tsira daga sansanin Nazi na Auschwitz, wanda ya sami lambar yabo ta musamman ta Pulitzer a 1992, kuma babu mashayin jini ko ɗaya a cikinsa.